Ƙwaron Gindin Randa da Rijiyar Tabawa

Wani a cikinku ya yi aika-aika yau. Na tarar da dutsen gindin randata a kife, 'yan ƙwarin da ke ƙarƙashinsa sun soye a rana. Ba zan kira suna ba, mai abin ya san kansa. Ku matso, ku daina min muzurai. Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

"Ta iso mu ji ta, Iya."

A wani gari aka yi wani dagaci, Barau, mai zuciya kamar busasshiyar ciyawa a bakin murhu. Wata rana ya ɗebi ruwa a moɗa, sai ya ga ƙwaron gindin randa a ciki. Kun san shi, ɗan toka-toka mai ƙafafu barkatai, wanda in an taɓa shi yake dunƙulewa kamar ƙwayar masoro. Ba ya cizo, ba ya harbi, ruɓaɓɓen ganye ne abincinsa.

Barau ya yi jifa da moɗa. Ya sa aka yi shela: kowane gida a ɗaga randa, a zuba toka mai zafi. Aka ɗaga, aka zuba, aka ƙone ƙwarin.

Akwai wata yarinya, Tabawa, marainiya, tana zaune da kakarta da ƙanenta Ɗanlami, ɗan goye. Ita sai ta kwashi ƙwari guda bakwai a sakaina, ta rufe da jiƙaƙƙen ganye, ta ɓoye a bayan rumbu.

Shekarar nan sama ta ƙi. Rijiyoyi suka ƙafe. Aka haƙa inda dagaci ya nuna da sanda, aka ci karo da dutse. Aka haƙa inda boka ya nuna, ƙura. Aka haƙa inda attajirin garin ya nuna, ramin ya rufta da mutum biyu. Ruwa ya koma na taɓon tafki, moɗa ɗaya a gida ɗaya.

Kaka ta riƙa barin nata kason ga yara, har aka wayi gari ba ta tashi ba. Tabawa kuwa ko yaushe sai ta ɗiga wa sakainarta ɗigo uku. Ɗanlami ya yi kuka, ya yi kuka, har ya daina. Maɗigarsa ta faɗa.

Tabawa ta goya shi ta fita. Ta ga ƙadangare ta ce, "Baba Ƙadangare, ina ruwa?"

Ya gyaɗa kai ya ce, "Gidana tsagar bango, aminiyata rana. Ban sani ba."

Ta ga tururuwa ta ce, "Inna Tururuwa, ina ruwa?"

Tururuwa ta ce, "Ni mai ajiyar hatsi ce, laima ruɓa min kaya take. Matsa, kin tare min hanya."

Ta dawo ta buɗe sakaina, ba ta da ko hawayen zubarwa. Sai babban ƙwaron ya ce, "'Yar nan, kin zaga duniya kin bar na gida. Mu ba ma numfashi sai da laima, ƙamshinta muke ji tun daga nesa. Sauke mu ƙasa ki biyo mu. Inda muka tsaya, haƙa."

Ta ce, "Rana za ta kashe ku."

Ya ce, "Ɗan bayanki ba zai kai magariba ba. Sauke mu."

Ta sauke su. Suna tafe, tana tafe. A bakin kasuwa biyu suka dunƙule, ba su sake warwarewa ba. A ƙofar gari biyu. A tsohuwar maƙabarta biyu. Saura ɗaya, yana ja, yana ja, har ya kai gindin wani gawo da ya faɗi tun zamanin kakanni, ya shige ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututturen.

Tabawa ta haƙa da sakaina har ta karye. Ta haƙa da hannu har farce ya fita. Ƙasa ta yi sanyi, ta yi baƙi, ruwa ya tsattsafo. Ta jiƙa bakin zanenta ta matsa wa Ɗanlami a harshe. Shiru. Ta sake matsawa. Shiru. A na uku ya tsotsa, ya tsala ihu.

Gari ya ɗungumo, kowa ya sha. Amma duk sanda inuwar Barau ta faɗa ramin, sai ruwan ya nutse. Mutane suka ce, "Ranka ya daɗe, ja da baya, za a kawo maka." Ya ja da baya ya zauna. Kowa ya zaci wani ya kai masa. A nan zaune aka same shi, ƙishirwa ta kashe shi.

Ƙurunƙus, nan ɓera ya sa kai a wuta. Kowace halitta da gidan da Allah ya ba ta, kuma wanda ka raina shi ya san hanyar da ba ka sani ba. Mai cewa ƙarya na shara, gobe ya nemo inda ƙasa ta bushe ƙamas, ba ƙwaro ko ɗaya, ya haƙa, ya kawo min ruwa a moɗa in sha a gabanku.