Muryar Auta a Wayoyin Mutane

Anti Rediyo mai gyaran gashi ce. Hannunta da kyau, amma cikinta ba ya riƙe magana, kuma ba a gaya mata ta ji. Abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin rana ta take ya gama zaga shagon.

Ƙanwarta ce ke shari'a da tsohon mijinta kan riƙon 'yarsu Auta, mai shekara tara. Ranar da za a saurari yarinyar, alƙali ya ce kowa ya fita, sai iyaye da lauyoyi. Ai kuwa Anti Rediyo ta tubure a bakin ƙofa. Ita fa ba bare ba ce, a bayanta Auta ta girma, kuma kotu ba ɗakin uban kowa ba ce.

"Baiwar Allah, don yarinyar aka yi," in ji ɗan sandan kotu.

"Don a rufa wa azzalumi asiri dai!"

Ta fita tana huci, amma ta riga ta danna naɗar murya ta cusa wayarta a jakar ƙanwarta.

A gida ta kunna. Sai ga muryar Auta ƙasa-ƙasa, tana cewa babanta na kulle ta a ɗaki in zai fita, tsoro har ya sa tana fitsarin kwance. Ƙanwar ta riƙe mata hannu tana kuka, tana roƙon ta goge. Ina! Anti Rediyo ta ce sai duniya ta san halin mutumin nan, in alƙali ya isa ya zo ya kama ta. Ta tura wa matan da take yi wa gashi.

Duniyar kuwa ta ji, sai dai ba wanda ya damu da uban. Fitsarin aka riƙe. Yara a makaranta suka laƙaba wa Auta Amalala, suna kwaikwayon muryarta suna toshe hanci. Abin da ban takaici, wallahi.

A zama na gaba Anti Rediyo tana kan benci a waje, tana cika baki cewa ita ta ci musu shari'ar. Can ƙanwarta ta fito ita kaɗai, ido jawur. Ta ce alƙali ya lallaɓa Auta ta ƙarasa bayani, sai yarinyar ta ɗaga kai ta dube shi.

"Ƙarya na yi. Ba na fitsari, kuma ba na tsoron kowa."

An yi juyin duniya, ta ƙi canzawa. Ba wata shaida sai bakinta, don haka uban ya samu riƙo. Ya fito da ita a hannu. Anti Rediyo ta miƙe tana kiran sunanta, Auta ta wuce ko waiwaye.

Darasin a fili yake. In kotu ta rufe ƙofa saboda yaro, ba gaskiya take ɓoyewa ba, wuri take ba shi ya faɗe ta ba tare da kunya ba. Sirrin yaro ba makaminka ba ne, ko da kana ganin yaƙinsa kake yi.