Jan Maɓallin da Shigeru Bai Gwada Ba

Akwai wani mutum a birnin Osaka na ƙasar Japan mai suna Shigeru Kuwabara, sana'arsa kwafe rimot. Zai danna tsohon rimot ɗinka a gaban wata 'yar na'ura, hasken nan da ido ba ya gani ya fito a kwamfuta a jeren lambobi, shi kuma ya juya su yadda sabon rimot zai gane. Ya iya aikinsa, ba ƙarya. Matsalar ita ce ya san ya iya.

Cikin sanyin Janairu, mahaifiyarsa Tomiko, mai shekara tamanin da uku, wadda ke zaune ita kaɗai, ta ce ta daina ganin rubutun rimot ɗin na'urar ɗakinta, irin mai ba da ɗumi da sanyi.

A tsaye ya kwafe mata, ko rigar sanyi bai cire ba. Ya miƙa mata sabo mai manyan maɓallai biyu, ja na kunnawa da ɗayan na kashewa, ya jefa tsohon a shara.

"Shige, ba za ka gwada sanyin ba?" in ji ta, da sunan da take kiransa.

"Haba Mama, shekara ashirin ina wannan aiki. Ke dai danna jan nan."

Ko sabon shiga ya san irin wannan rimot ba "kunna" kawai yake aikawa ba, har da abin da aka saita shi a kai. Ranar kuwa a kan ɗumi yake. Ɗumin Shigeru ya kwafe.

Da zafin Agusta ya tsananta, ta kira shi.

"Shige, abin nan iska mai zafi yake hurawa."

"Ke ce kika danna ba daidai ba, Mama. Ina da mutane a shago. Lahadi zan zo."

"To. Ka dai riƙa cin abinci."

Lahadi ta zo ta wuce, bai je ba. Ranar Talata maƙwabciyarta ta same ta a sume a kan tabarma, mafici a hannunta.

A asibiti likita ya tambaye ta me ya hana ta kunna sanyi. Ta dubi ɗanta, ta yi murmushi.

"Tsufa ne, likita. Ni ce ban iya dannawa ba. Ɗana ya yi min mai kyau."

Bayan kwana biyu ta rasu.

Da aka gama zaman makoki, Shigeru ya shiga ɗakinta ya danna jan maɓallin. Iska mai zafi ta bugi fuskarsa. Ya durƙusa a wurin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Daidai ta danna, tun ranar farko.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana kuskure, girman kai ne ke hana ganinsa. In tsohonka ya ce abu bai yi ba, je ka duba yau, kar ka ce sai Lahadi. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye.