Awon da Muntasir Bai Yi Ba

Ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, a shekarar 1992, aka liƙa sunayen malaman da gwamnatin soja ta kora a ƙofar sashen injiniya na wata jami'a a Khartoum. Dakta Muntasir ya karanta takardar har sau biyu. Sunansa ba ya ciki. Na shugabarsa, Dakta Sittana, shi ne na uku.

Muntasir yana da kai, amma yana ƙyamar rana da laka. Mahaifinsa leburan auduga ne a yankin Gezira, shi kuwa ba ya son a tuna masa. Abin da yake so shi ne a ce masa Farfesa.

Shekara huɗu Sittana ta yi tana tsara lissafin wata na'ura mai kunna injin ban ruwa, ta kashe shi da kanta idan magudana ta cika. Ta gwada ta a Kalakla, bakin kogin Farin Nilu. Shafukan awon ɗaya kogin kuwa, Shuɗin Nilu, ta bar su babu komai, tana jiran damina. Kafin azahar ta ranar da aka kore ta, Muntasir ya kwashe fayil ɗin daga ofishinta. Ya zauna ƙarƙashin fanka, ya cike shafukan da lambobin da ya ƙirƙira, ya buga a wata mujalla da sunansa. Cikin shekara biyu ya zama Farfesa.

Wata rana suka haɗu a kasuwar Omdurman. A lokacin Sittana darasin lissafi take koyarwa a tsakar gidanta.

“Mabruk, barka, ya Farfesa,” in ji ta. “Na karanta aikina. Ya yi kyau da sunanka.”

Ya yi yaƙe. “Malesh, ayi haƙuri, Malama. Zamani ne.”

“Riƙe sunan, ban tambaye ka ba. Amma yaushe ka je Aljirif, bakin Shuɗin Nilu, ka yi awo? Ruwan can idan ya kawo, rabinsa laka ne. Ubanka da ubana sun san wannan ba su shiga aji ba.”

“Lissafi ai lissafi ne, ko a wane kogi.”

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauki kwandonta ta wuce.

Ba a jima ba ƙungiyar manoman Aljirif ta karɓi na'urar. Ɗaya daga cikinsu, Ɗantsoho, kawun Muntasir, shi ne ya shawo kansu, yana cewa ɗan ƙanwarsa ba zai ba shi kunya ba. Aka sallami masu gadin injin, aka yanka rago.

A watan Agusta kogi ya kawo jajawur. Laka ta danne ƙwallon da ke nuna tsayin ruwa, na'ura ta ɗauka magudana a bushe take. Ranar Juma'a ce, mutane suna masallaci, injuna uku suna ta zuba ruwa har magudana ta fashe. Kuɓewa da lalo na gida talatin suka kwanta cikin taɓo.

Kwamitin bincike ya zauna. Aka tambayi Muntasir inda ya kafa sandar awonsa. Ya fara zana lissafi a allo. Ɗantsoho ya miƙe, laka har gwiwarsa.

“Kai yaro, bar allon nan. Shekara arba'in ina bakin kogin nan, ban taɓa ganin ƙafarka ta jiƙe ba. Sau ɗaya ka zo, ranar cin rago.”

Washegari Muntasir ya je gidan Sittana a Omdurman ya roƙe ta ta ce tare suka yi awon.

“Na bar shafukan fari ne don ban sani ba,” in ji ta. “Kai ma ba ka sani ba. Je ka faɗa musu haka.” Ta rufe ƙofarta.

Waɗanda suka ɗaga shi suka janye hannu. Aka ƙwace kujerarsa, mujallar ta soke aikin. Sittana ba a mayar da ita bakin aiki ba. Manoman Aljirif suka ciro na'urar, suka dawo da masu gadinsu.

Darasi: Wanda bai auna ba, ya bar shafin babu komai, ya ce bai sani ba. Lambar ƙarya tana iya wuce kwamiti, ta kawo muƙami, amma ranar da aka ɗora aiki a kanta, abincin bayin Allah ne zai lalace, kuma sunan da aka yi satar dominsa shi ne zai fara zubewa.