Tandar Inna a Kufan Gidansu

Akwai wani dattijo maƙeri mai suna Pedaya, wanda sojojin Babila suka kwashe tare da mahaifinsa yana ɗan shekara tara. Masu sana'a suke nema, don haka suka bar mahaifiyarsa da yayarsa Hogla a ƙauyensu, kudu da Urushalima.

Shekara hamsin ya yi a ƙasar mutane. Can ya yi aure, can ya binne uba, amma ko da wasa bai taɓa kiran wurin gida ba. Abin da ya riƙe masa zuciya shi ne maganar wani annabinsu da ya haddace, cewa korarrun za su komo su share gumaka da duk wata ƙazanta daga ƙasar. Kullum yana dukan ƙarfe yana nanata ta, har maƙwabta suka haddace ba da son ransu ba.

Ranar da aka ba su izinin komawa, shi ne a gaban ayari duk da ciwon gwiwa.

Ya tarar Inna, mahaifiyarsu, ta daɗe da rasuwa, gidansu ya zama kufai. Hogla kaɗai ta rage, ta tsufa tukuf. Ta ƙura masa ido, can ta ce, "Auta! Kai ne? Ina gashin kanka, ko shi ma ka bar wa Babila?"

Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Ta kawo masa faten wake da gurasar sha'ir. Har ya kai hannu kwano, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan gunkin yumɓu a lungun bango.

"Yaya, wancan fa?"

"Mai tsaron gida ce. Ai kowa yana da ita a nan."

Pedaya ya janye hannu. "Saboda irinta aka kai mu bauta! Ku da kuka zauna ku kuka ɓata ƙasar, mu kuma aka ce mu dawo mu share ta. Ba na cin abinci a gidan nan sai kin fasa ta."

"Sannu, malamin Babila," in ji Hogla. "Ko ƙurar hanya ba ka wanke ba kana koya mana zama. Shekarar yunwa da na haƙa kabarin Inna ni kaɗai, kana ina da ayarka?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Mako uku yana zaune a kufan gidansu yana kwashe duwatsu. Kowace safiya Hogla tana wucewa da tulu, ba gaisuwa. Shi kuwa sai ya bi ta da kallo har ta ɓace, don tafiyarta sak ta Inna. Kewarta tana cinsa fiye da lokacin da yake Babila, amma girman kai ya hana shi kiranta.

Wata rana da hantsi yana tonon wurin tsohon murhu, sai ya ci karo da wata tandar yumɓu cikin toka. Nan take ya gane ta. A cikinta Inna take toya waina mai zuma da busasshen inabi, ta ba shi ta farko da zafinta yana hurawa. Wainar nan ya sha ba 'ya'yansa labarinta, yana cewa babu irinta a duk Babila.

Ya manta da fushi, ya nufi gidan Hogla yana ɗingishi. "Yaya! Yaya, dubi tandar Inna!"

Hogla ta karɓa, ta goge tokar da bakin zanenta. "Duba cikin ramin da kyau, Auta."

Ya duba. Siffar mace ce da taurari a ka.

"Wainar sarauniyar sama ce," in ji ta a hankali. "Don bauta mata Inna take toyawa. Kai dai naka ci ne."

Pedaya ya zauna a ƙasa. Ya ciro gudumarsa daga ɗamara, ya ɗaga, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Mutumin da ya shekara hamsin yana lanƙwasa ƙarfe, ga shi yumɓu ya gagare shi.

"Ka ji yadda abin yake?" in ji Hogla. "Mai tsaron gidan tawa ma Inna ce ta ba ni ranar aurena."

"Ki yafe mini, Yaya. Na ɗauka gidajen wasu aka ce in share. Ashe daga namu ake farawa."

Ya runtse ido ya sauke guduma. Tanda ta tarwatse, shi kuma ya fashe da kuka kamar ranar da aka raba shi da uwarsa. Bai ce wa Hogla ta fasa tata ba, bai ma dubi lungun ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ɗaki, ta fito da gunkin, ta ajiye kusa da gutsattsarin tandar.

"Hannuna ba ƙarfi, Auta. Kama mini."

Suka riƙe gudumar tare. Da ƙura ta lafa, Hogla ta share hawayenta ta ce, "To, yanzu Inna ba ta bar mini komai ba sai kai. Kada ka sake tafiya."

Darasi: Fasa gunkin wani ba wuya, wuyar tana ga wanda kake ƙauna. Kafin ka umarci ɗan'uwanka ya rabu da kuskuren da ya gada, fara rabuwa da naka, ka ɗanɗani zafin, sannan za ka iya yi masa magana da tausayi. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani, musamman ɗan'uwan da kuka daɗe ba ku gaisa ba.