Gudumar Buga Kuɗi ta Birnin Tagulla

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan tekun gishiri, an yi Sarki Jatau na Birnin Tagulla, adali ne, sai dai akwai shi da gaggawa. A birnin nan akwai wata guduma da aljanu suka ƙera wa kakanni, wadda da ita kaɗai ake buga kuɗi, kuma duk sabuwar tsabar kuɗin da ta fitar, daga tsabobin hannun talakawa take tsotsar nauyinta. Shi ya sa kakanni suka hana sarki taɓa ta, suka damƙa ta ga Majalisar Unguwanni, wadda jama'a ke zaɓa.

Ana nan sai wani ifiritu ya sure 'yar sarki tilo, Gimbiya Tasalla, ya ce ba zai sake ta ba sai an cika masa rijiyarsa da sababbin tsabobi. Makircin la'anannen kuwa shi ne sarki ya ƙwace gudumar, alkawarin kakanni da ke kare garin ya warware, birnin ya zama na ifiritun.

Wayyo, zuciyar uba! Sarki ya faɗa zauren majalisa da dakarunsa, har ya kama ƙotar gudumar. Sai Magajiya Kande, tsohuwar da ke shugabantar majalisa, ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, takobi naka ne, mulki naka ne, amma wannan ba taka ba ce. In kana so, ka roƙa."

Sarki ya tsaya ya dube ta. Can ya saki ƙotar, ya tuɓe takalmansa, ya zauna a tabarma ya ce, "Iya, yau ba sarki ne gabanku ba, uban Tasalla ne."

Magajiya ta ce, "Kuɗin mutane za su rame, hatsi zai yi tsada. Sai mun ji ta bakinsu."

Wakilai suka bazu unguwa-unguwa, sarki na zaune bai ko kurɓi ruwa ba. Da suka dawo, bakinsu ɗaya: jama'a sun ce a buga, sun yarda su ci tuwo ba miya.

Majalisa ta buga tsabobin, Nomau ɗan Magajiya, wanda gimbiya ta daɗe tana so, ya kora raƙuma ya kai su rijiya. Ifiritu ya tsoma hannu yana ƙyalƙyala dariya, sai hannun ya kama da wuta, don abin da aka buga da yardar jama'a ya fi ƙarfin aljani. Ya arce da kururuwa, ya bar gimbiya.

Ranar ɗaurin auren Tasalla da Nomau, wata mai sayar da daddawa ta miƙa gudummawarta, tsaba guda, ta rame kamar ganyen kuka. Sarki ya karɓa da hannu biyu, ya dubi ramar, hawaye suka jiƙe masa gemu.

Ya durƙusa gabanta ya ce, "Baiwar Allah, ashe ke ce kika fanso mini 'yata. Na gode."