Ranar da Tiram Ya Tafi da Tilly

Akwai wani magidanci a birnin Melbourne mai suna Fergus, wanda tunda na san shi ban taɓa jin "a taimaka mini" ta fito daga bakinsa ba. Irin mutanen nan ne da gara su yi awa guda a ɓace da su tambayi hanya.

'Yarsa Tilly, mai shekara huɗu, ba ta ji sosai. Wata biyar suna jiran ganin likitan kunne, kafin aka ba su ranar Talata, ƙarfe goma daidai. An kuma gaya musu duk wanda ya makara sai ya sake bin layi.

Ranar sai aiki ya riƙe matarsa Marnie. Dole shi zai kai Tilly a tiram, wato ɗan jirgin ƙasa mai bin titunan cikin gari, ga kuma jaririnsu Rory a keken turawa.

"Ka fita da wuri," in ji Marnie. "Tiram ɗin layinmu tsofaffi ne, matakala uku gare su. Ka roƙi wani ya kama maka keken."

"Haba Marnie! Yara biyu ne fa, ba buhunan siminti ba. Ke komai sai kin mai da shi aiki."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauki jakarta. "To gwani, a sauka lafiya."

Ƙarfe tara da minti goma tiram ya iso. A unguwarsu a tsakiyar titi yake tsayawa, kan dogonsa, motoci su dakata a bayansa har fasinja su tsallako daga gefen hanya su hau.

Wani magini da kayan aikinsa ya miƙo hannu. "Kawo in kama maka gaban, abokina."

"Bar shi kawai, na gode."

Fergus ya cicciɓi keken shi kaɗai, da jariri da jaka da komai. Taya ta maƙale tsakanin ƙofa da ƙarfen riƙo. Ya tura, ya ja, ya murɗa. Rory ya tsala ihu. Direba ya buga ƙararrawa, motocin baya suka ɗauki oda.

"Bawan Allah, ko ka shigo ko ka fita, muna da wurin zuwa!" wani ya faɗa daga ciki.

Da ƙyar ya fizgo keken ya koma gefen hanya, gumi sharkaf. Tiram ya tafi ya bar su.

Mai hankali da nan ya saduda. Amma Fergus? Ina! Sai ya tsaya yana zagin wanda ya ƙera matakalar.

"Baba, ina jin fitsari," in ji Tilly.

"Yanzu? Ba na tambaye ki a gida ba?"

"Me?"

Neman banɗaki ya cinye musu tiram na biyu.

Da na uku ya iso, Fergus ya riga ya ƙulla dabara. Zai bar keken a gefen hanya, ya kai Tilly ciki, ya dawo ya ciro Rory, ya naɗe keken. Wata mata a tashar ta ce ya bari ta riƙe masa yarinyar. Ko kallonta bai yi ba.

Ya tsallaka, ya ɗora Tilly ta ƙofar baya, ya ruga ya koma. Direba ya duba madubi, ya ga babu kowa a titi, ya rufe ƙofa.

"Tilly! Sauko! Tilly!"

Yarinyar ta ba shi baya tana kallon wani kare da ke kan cinyar mai shi. Ba ta ji ba. Tiram ya ja.

Wallahi ranar Fergus ya san tsoro. Ya tura keken a guje, yana ihu kamar wanda gidansa ya kama wuta, takalmin Rory ɗaya ya faɗi bai ko waiga ba.

A tasha ta gaba ya sami Tilly, hannunta cikin na wata tsohuwa. Ita ce ta ja igiyar tsayawa ta sauko da yarinyar, ta bar tafiyarta.

"Kai ne uban?" in ji tsohuwar. "Ɗana, mu wajen ashirin muna zaune muna kallonka. Bakinka ciwo yake yi ne?"

Fergus ya rungume Tilly. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

Da wani tiram ya zo, ya buɗe baki da ƙyar. "Don Allah, wani ya kama mini."

Mutum uku suka miƙe. Kafin ya rufe baki keken na ciki, har an tashi an ba Tilly kujera.

Goma da minti ashirin da biyar suka isa asibiti. Matar da ke karɓar baƙi ta tausaya masa, amma likita ya riga ya shiga da wani yaron. Rana mafi kusa sai bayan wata uku.

A hanyar komawa Tilly ta ja rigarsa. "Baba, yaushe za a gyara mini kunnen?"

"Sai nan da wata uku, 'yata. Laifina ne. Ki yafe mini."

Ta ɗago tana kallon bakinsa. "Me?"

Darasi: Neman taimako ba ya rage wa mutum daraja. Girman kai kuwa, sau da yawa ba mai shi ke shan wahalarsa ba, sai na ƙasa da shi da ba su ji ba ba su gani ba. In ka san wani mai halin Fergus, tura masa wannan tun kafin ƙofa ta rufe da nasa ɗan a ciki.