Reshen da Kyanwa Ta Karya

Akwai wani mutum, dattijo, wanda matarsa ta rasu ta bar masa abu biyu masu rai a gida: furen kallo da kyanwa.

Furen nan ja ne, mai faɗin kai. Tun tana amarya ta zo da reshensa daga gidan iyayenta ta dasa a gefen madafa, ta raine shi da ruwan wankin shinkafa har ya kai ƙugun mutum. Kowace safiyar Lahadi takan tsinko biyu ko uku ta sa a kwalba, ta kai gaban majami'a. Kyanwar kuwa baƙa ce, cikinta fari, shi ya sa marigayiyar take kiranta Shamuwa. Tun can dattijon nan ba ma'abocin kyanwa ba ne. Yakan ce ba ta noma ba ta sussuka, amma ita ce ta fari a bakin akushi. Duk da haka bai taɓa barinta da yunwa ba, saboda mai ita.

Da aka share makoki mutane suka watse, sai ya mai da dukan ƙaunarsa kan furen. In ya tashi da safe, kafin ya wanke fuska sai ya je ya duba shi. Yana ganin muddin furen nan yana tsaye, akwai sauran abin da hannun matarsa ya taɓa a gidan, kuma babu abin da yake tsoro kamar ranar da zai wayi gari ya tarar babu shi.

To, bazara ta shigo da zafinta. Ku da kuke da kyanwa a gida kun san halinta, duk inda sanyi yake a nan za a same ta. A gidan nan kuwa babu wuri mai sanyi kamar gindin furen, inda ake zuba ruwa safe da yamma. Nan Shamuwa take miƙewa da tsakar rana tun zamanin marigayiya, ba wanda ya taɓa ce mata kanzil. Ran nan wani ƙadangare ya bi ta cikin rassan, ta yi tsalle ta bi shi. Ƙadangare ya tsira, amma reshe mafi kyau, wanda ya cika da toho, ya ɓalle ya faɗi ƙasa.

Dattijo ya fito ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗauki reshen yana jujjuya shi, idonsa ya kawo ruwa. Da ya ga ba ya liƙuwa sai ya wurgar da shi can bayan randa don kada ya ƙara ganinsa. Ya jefi kyanwa da takalmi, ya ɗauki adda ya nufi bayan gari. Ya saro ƙayar magarya da farar ƙaya dami guda, ya zo ya kewaye furen, ya cusa wata a gindi, ya ɗora wata a kai, har ko ɗan tsako ba zai sami hanya ba. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ce wa kyanwa in ta isa ta shiga.

Ba ta isa ba kuwa. Ta zagaya, ta shinshina, ta taɓa da ƙafa ta ji babu daɗi, ta haƙura. Ta koma bayan randa, inda ruwa yake tsattsafowa yana jiƙa ƙasa, ta mai da wurin makwancinta.

Amma abin da dattijo bai lissafa ba shi ne, ƙaya ba ta san mai gida ba. Da ya zo cire ciyawa ta soke shi, ya janye hannu. Da ya zo tona gindin don ruwa ya shiga, babu ta inda fartanya za ta bi. Ruwan ma daga nesa yake watsawa, rabi a kan ƙaya, rabi a ƙasa. Ran Lahadi ya so ya tsinki fure ya kai majami'a kamar yadda matarsa take yi, ya kasa kai hannu, ya tafi haka nan. Bai damu sosai ba, ya ce ai gara haka da a sake karya masa reshe.

Sannu a hankali ganye ya soma rawaya yana zuba. Ya ƙara ruwa, bai yi ba. Ya ƙara ƙaya, don yana zargin kyanwa tana da wata ɓoyayyar ƙofa. Kullum furen sai ƙara lalacewa yake yi, shi ma dattijon abinci ya daina shigarsa.

Ana cikin haka sai ƙanwar marigayiyar, Rifkatu, ta kawo masa ziyara daga ƙauye. Kun san tsakanin mutum da ƙanwar matarsa akwai wasa, ita kuwa Rifkatu bakinta ba ya shiru. Bayan sun gaisa ta sha ruwa, ta hangi tarin ƙaya, ta tambaye shi ko kura ya kama ya tsare a gida. Ya ba ta labarin reshe da kyanwa, yana faɗa yana huci kamar yau abin ya faru.

Ta matsa ta leƙa, dariyarta ta ɗauke. Ta ce, "Mijin Yaya, wa ƙayar nan ta hana shiga?"

Ya ce, "Kyanwa mana."

Ta ce, "Sai kuma wa? Yaushe rabon hannunka da gindin furen nan?"

Ya ɗauko sanda mai ƙugiya ya soma janye ƙayar, inda sanda ta kasa ya sa hannu, ta yayyage masa fata har jini. Da ya ɗaga ta ƙarshe sai ga ɓeraye suna ta fitowa daga rami. Ashe sun sami gidan da kyanwa ba za ta iya shiga ba, suka tare, suka hayayyafa, suka gwaigwaye ɓawon gindin kewaye, suka ci saiwa. Ya kama furen ya ɗan girgiza, sai ya biyo hannunsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dattijo ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Ya ce da hannunsa ya kashe abin da ta bar masa. Rifkatu ba ta ƙara tsokanarsa ba. Ta tafi randa ta ɗebo ruwan da zai wanke hannu, ta tarar da Shamuwa a kwance a hanya, ta ture ta da ƙafa. Da kyanwa ta tashi, sai ta ga ganye kore shar a jikin randa. Ta sunkuya ta duba da kyau, ta kira shi ya zo.

Reshen nan ne da ya wurgar. Ya faɗi a ƙasa mai laima, kyanwa tana kwanciya a kan gindinsa kullum har ta danna shi cikin taɓo, randa tana ɗiga masa ruwa. Ya yi saiwa, ya ɗaga kai, ya fid da sababbin ganye har da ɗan toho guda.

Dattijo ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanda na tsare ya mutu, wanda na yar Allah ya raya." Shamuwa ta zo tana goga jikinta a ƙafarsa, wannan karon bai kore ta ba.

Da ruwan fari ya sauka ya mai da dashen gefen madafa, bai sa masa ƙaya ko tsinke ɗaya ba. A kusa da shi ya gyara wani ɗan wuri yana jiƙa wa kyanwa don ta kwanta. Kafin kaka, an sake ganin jan fure a kwalba a gaban majami'a.

Ma'anar wannan misali ita ce: furen nan zuciyarka ce, da bangaskiya da ƙaunar da aka dasa a cikinta. Kyanwa ita ce mutanen da Allah ya haɗa ka zama da su, 'yan gidanku da maƙwabta da 'yan'uwa a ikkilisiya. Wanda yake kusa da kai shi ne zai taka ka, wani lokaci ma ya karya maka abu mai daraja ba da nufi ba. Ƙaya ita ce fushin da muke kewaye kanmu da shi, mu ce daga yau ba mai ƙara shiga harkarmu. Ɓerayen kuwa su ne ƙiyayya da zargi da baƙin ciki, waɗanda ba su da wurin haihuwa da ya fi zuciyar da aka rufe.

Na sani a cikinmu akwai wanda ya bar ƙungiyar mawaƙa saboda kalma ɗaya, akwai wadda ta daina gaida maƙwabciyarta tun bara. Ban ce ba a yi muku laifi ba, reshe kam ya karye. Amma ƙayar da ta hana ɗan'uwanka shigowa ita ce take soke hannunka in ka zo yin addu'a. Janye ta akwai zafi, don neman sulhu ba wasa ba ne, amma gara hannu ya yi jini da saiwa ta mutu.

Kada kuma ka ce abin da ya karye ya ƙare. Ubangijinmu ba ya zubar da karyayyen reshe, yana shayar da shi a inda kai ka daina dubawa. Saboda haka in an tashi yau, kada ka wuce gida kai tsaye. Ka bi ta ƙofar wanda ka yi wa shingen ƙaya, ka yi masa sallama.